Yadda mai ba da shawara ke ɗinke saɓani da juya akalar hira da wanda ya zo neman taimako

Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma ɗakin da ake jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa bai tsira daga wannan ba. Mutum biyu ne ke haɗuwa mako-mako, na kusan minti 50 a kowane zama, suna taɓo abubuwan da ɗayansu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Dole wata rana ya ce maka ba ka fahimce shi ba, ko ya ƙi aikin da ka ba shi, ko ya ce zaman ba ya yi masa amfani. Abin da ka yi a mintuna biyun da suka biyo bayan wannan maganar shi ke nuna ko zai dawo. A shekarar 2012 Joshua Swift da Roger Greenberg sun tattara sakamakon ɗaruruwan bincike, suka gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na barin irin wannan jinya kafin a kammala. Da yawansu ba sa yin sallama, sai dai kawai a ga sun daina zuwa.

Fara da gano inda saɓanin yake

A 1979 Edward Bordin ya ce haɗin kan mai ba da shawara da mai neman taimako a kan abu uku ya tsaya: sun yarda da inda za su, sun yarda da hanyar da za su bi, kuma akwai amana a tsakaninsu. Amfanin wannan rabon shi ne kowane saɓani yana da nasa magani. Matar da ta zo don barci ya ƙaurace mata, kai kuma ka dage sai an tono ƙuruciyarta, saɓaninku a kan manufa yake. Saurayin da ya yarda yana son ya daina tsoron shiga jama'a amma ya ƙi cika takardar rubuta tunaninsa a kullum, saɓaninku a kan hanya yake, kuma sau da yawa sauya aikin kawai ya isa, misali ya riƙa naɗar muryarsa a waya maimakon rubutu. Wanda kuwa ya ji ka raina shi, duk wata dabara da za ka kawo ba za ta ci ba sai an gyara tsakaninku. Kuskuren da sababbin shiga aikin suka fi yi shi ne su ƙara bayani a kan amfanin hanyar, alhali ciwon yana wajen amana.

Ɓarakar da ba ta yin ƙara

Jeremy Safran da Christopher Muran, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin zaman da aka naɗa, sun kasa ɓaraka gida biyu. Akwai ta fito-na-fito: mutum ya ɗaga murya, ya soki ƙwarewarka, ya yi ƙorafi a kan lokaci ko kuɗin zama. Akwai kuma ta noƙewa, kuma ita ce mai wuyar ganewa, don kama take da ladabi. Amsoshi su gajarce zuwa "to" da "haka ne". Duk abin da ka faɗa ya amince nan take. Ya riƙa kawo dogon labarin wasu mutane da zarar an kusa taɓo shi. Ya fara makara, ko ya ce ya manta da aikin gida sau uku a jere. David Rennie, wani mai bincike a Kanada, ya tattauna da mutane bayan sun fito daga zama, ya tarar da cewa da yawa na ɓoye rashin jin daɗinsu don kada su ɓata wa mai ba su shawara rai, ko don ganin shi ne masani.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan kada ka dogara da fuska kaɗai, kada kuma ka dogara da hasashenka. A wani bincike da aka buga a 2005, wanda ɗaliban Michael Lambert suka gudanar tare da shi, an nemi masu ba da shawara su yi hasashen waɗanda halinsu zai ƙara taɓarɓarewa cikin mutum 550. Mutum uku suka ambata. A ƙarshe mutum 40 ne suka taɓarɓare, kuma ɗaya tak daga cikinsu ke cikin ukun da aka ambata. Shi ya sa ake tambaya kai tsaye a ƙarshen kowane zama. Akwai wata 'yar takarda da Scott Miller da Barry Duncan da abokan aikinsu suka tsara: layi huɗu ne, kowanne santimita 10, mutum ya sa alama a kan yadda ya ji an saurare shi, ko an tattauna abin da yake so, ko salon ya dace da shi, da kuma zaman gaba ɗaya. Jimilla 40 ce. In ta gaza 36, ko wani layi ya gaza 9, sai a buɗe zancen kafin ya tashi. Ko babu takarda, tambaya ta baki ta wadatar, amma a lura da yadda ake yin ta. "Zaman ya yi kyau?" amsarta "e" ce kullum. Gara ka ce: "Cikin abin da muka yi yau, wanne ne bai kwanta maka ba, ko da ɗan kaɗan ne?"

Idan ya fito fili ya musa maka

Abu na farko a jikinka yake faruwa. Za ka ji zafi a ƙirji, amsa ta taho bakinka tun kafin ya rufe nasa. William Miller da Stephen Rollnick, waɗanda suka tsara salon tattaunawar zaburar da mutum ga canji, sun yi magana a kan wannan ƙaiƙayin son gyara: da ka ga mutum ya karkace, sai ka ji dole ka miƙar da shi yanzu-yanzu. Matsalar ita ce yawancin masu zuwa da zuciya biyu suke zuwa. Wani sashe nasu na son canji, wani na tsoronsa. In ka ɗauki ɓangaren canji kana kare shi, ka bar masa ɗaya ɓangaren ke nan, kuma yana ta kare shi yana jin hujjojinsa da kunnensa har su ƙara zauna masa. Tun 1966 Jack Brehm ya bayyana cewa mutum in ya ji ana tauye masa zaɓi, sai ya ƙara manne wa abin da ake hana shi.

An gwada wannan a aikace. A 1985 Gerald Patterson da Marion Forgatch sun sa masu ba iyaye shawara su riƙa sauya salo a cikin zama guda, wani lokaci koyarwa da ƙalubalanta, wani lokaci sauraro da tallafi. Turjiyar iyayen ta riƙa hawa da sauka tare da salon. A 1993 kuma Miller da abokan aikinsa sun gano cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ya riƙa ƙalubalantar masu matsalar shan barasa, gwargwadon yawan shan da suke yi bayan shekara guda. Saboda haka abin da ake kira taurin kan majinyaci, wani sashe nasa daga kujerar da ke fuskantarsa yake fitowa.

Ka ja numfashi, ka bar daƙiƙa uku zuwa biyar su wuce. Sannan ka mayar masa da maganarsa a cikin kalmominka, da muryar sanarwa, ba ta tambaya ba. Misali, wani magidanci ya ce: "Likita, wata biyu ke nan ina zuwa, ni dai ban ga wani abu da ya canja ba. Surutu kawai muke yi." Amsar da ke ɓata lamari ita ce ka fara lissafa masa ci gaban da ya samu. Ko da lissafin gaskiya ne, abin da zai ji shi ne ka ƙaryata shi. Amsar da ke buɗe ƙofa: "Malam, kana ware lokacinka kana zuwa, ga shi har yanzu nauyin da ya kawo ka bai ragu ba." Ka yi shiru. Galibi zai ƙara bayani, kuma a cikin ƙarin ne ainihin ƙorafin yake: wataƙila ya zaci za a ba shi matakai ne ya bi, ko kuma wata magana da ka yi makon jiya ta soke shi.

Daga nan ka nemi gaskiyar da ke cikin ƙorafinsa ka tabbatar masa da ita. Marsha Linehan ta gina salonta na jinya a kan riƙe abu biyu lokaci guda, karɓar mutum yadda yake da kuma tura shi ga canji, kuma ta nanata cewa abin da ke da tushe kawai ake gaskatawa. Za ka iya cewa duk wanda ya yi wata biyu bai ga sauƙi ba dole ya fara shakka. Wannan gaskiya ce. Ba sai ka ce jinyar ba ta da amfani ba.

In kana da hannu a lamarin, ka ɗauki naka laifin a jimla ɗaya ko biyu: "Na katse ka sau biyu ɗazu, kuma na matsa a kan abin da ba shi ka zo da shi ba. Ka yi haƙuri." Kada ka tsawaita neman afuwa, don in ka yi yawa sai ya koma shi ke lallashinka, zaman ya zama naka. Kada kuma ka liƙa "amma" a bayan haƙurin.

Wannan "amma" ɗin tana da ɓarna a wani wurin ma. Idan kana haɗa masa ɓangarori biyu na zuciyarsa, "amma" tana share duk abin da ya gabace ta. Ka kwatanta "Kana jin daɗin caca amma tana cinye maka albashi" da "Caca na ɗauke maka kewa, kuma kana ganin yadda take cinye albashinka." Ta biyun ta ajiye masa abu biyun a gabansa ya auna da kansa. Ka sa ɓangaren canji a ƙarshen jimla, don daga inda ka tsaya yake ɗorawa.

Ga mai noƙewa kuwa, sai ka ambaci abin da kake gani a tsakaninku, a hankali, a matsayin abin da kai ka lura da shi wanda zai yiwu ka yi kuskure: "Hajiya, na ga kamar tun da na kawo maganar mahaifiyarki amsoshinki suka gajarce. Ko na taɓo wurin da ba ki shirya ba ne?" In ta ce babu komai, kada ka tsananta. Ka ce mata duk ranar da wani abu bai yi mata ba kana son ji, ka ci gaba. Mutane da yawa sai a zama na gaba suke dawo da zancen, bayan sun gwada sun ga ba ka yi fushi ba.

Idan kana ganin shi ne bai yi daidai ba

Sauraro ba ya nufin amincewa da komai. Mai ciwon baƙin ciki zai ce maka shi ba shi da amfani ga kowa, kuma ka san ba haka ba ne. Musu ba ya cire wannan tunanin. Aaron Beck, wanda ya kafa jinyar gyaran tunani a shekarun 1960, ya koyar da a ɗauki tunanin a matsayin zato da ku biyu za ku bincika tare. Ka tambaye shi nawa ya yarda da shi daga 0 zuwa 100. Ku jera abin da ke goyon bayansa tukuna, da gaske, kafin abin da ke karya shi. Ka tambaye shi me zai ce wa amininsa in shi ne ke cikin wannan hali. Sannan ku tsara ɗan gwaji mai iyaka: mai cewa in ya yi magana a taron ofis kowa zai yi masa dariya, ya rubuta hasashensa, ya yi tambaya ɗaya a taron mako mai zuwa, ya ƙirga mutum nawa suka yi dariyar. Ku sake auna yardar bayan haka. Saukowa daga 90 zuwa 70 ci gaba ne, kada ka jira sifili.

Akwai tarko a nan da Christine Padesky ta yi gargaɗi a kansa a wani jawabi a Landan a 1993: tambayoyin da ka riga ka san amsar da kake so. Mutum na gane lokacin da ake kora shi zuwa wani lungu kamar a gaban alƙali, sai ya ba ka amsar da kake nema ya fita da tunaninsa yadda ya shigo da shi. In ba ka shirya jin amsar da za ta ba ka mamaki ba, gara ka faɗi ra'ayinka a fili ka ce naka ne.

Ba da bayani ma yana da tsari mai hawa uku. Ka tambayi abin da ya riga ya sani. Ka nemi izini ka ƙara masa abu ɗaya ko biyu, a gajarce. Ka tambaye shi yadda ya ga abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; kai ka san abin da bincike ya nuna a kan mutane da yawa, shi ya san gidansa da aikinsa da abin da ya riga ya gwada ya faɗi. Wata dabara mai sauƙi ita ce ma'aunin 0 zuwa 10: "Yaya muhimmancin rage shan nan yake a wurinka?" In ya ce huɗu, ka tambaye shi abin da ya sa huɗu ne ba ɗaya ba. Da bakinsa zai kawo dalilan canji. In ka tambayi abin da ya sa bai kai takwas ba, dalilan zama a yadda yake zai jero maka.

Riƙe akalar hira

Yawancin juya hira a mintuna biyar na farko ake yin sa. Ku amince a kan abu biyu, in ya yi yawa uku, da za a tattauna, ka tambaye shi wanne ya fi matsa masa. Wannan yarjejeniyar ce za ta ba ka damar dawo da shi daga baya ba tare da ka zama mai iko ba, tunda jerin nasa ne. Amma ka bar shi ya gama jimlolinsa na farko. Howard Beckman da Richard Frankel sun gano a 1984 cewa likitoci na katse marasa lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici, kuma abin da mutum ya fara ambata ba lallai ne shi ne babbar damuwarsa ba.

Tun a zaman farko ka nemi izinin katsewa: "Wani lokaci zan tsayar da kai don kada lokaci ya ƙure mana ba mu kai ga abin da ya kawo ka ba. Ka yarda?" Idan lokacin ya zo, ka kira sunansa, ka taƙaita abin da ya faɗa a jimla ɗaya don ya san ka ji, ka ba shi zaɓi: a ci gaba da wannan, ko a koma kan abin da aka tsara, saura minti 20. Wani lokacin sabon zancen ya fi tsohon muhimmanci, sai a sauya jerin da sani. Abin da ake gudu shi ne zama ya ƙare ba wanda ya zaɓi inda ya tafi.

Hanya mafi laushi ta juya hira ita ce zaɓen abin da za ka mayar masa. Mutum ya yi magana ta minti uku a kan maigidansa a wurin aiki, da cunkoson hanya, da rigimar maƙwabci, a tsakiya ya ce "ni ma na san fushina ya yi yawa". Wannan guntun za ka ɗauko. Duk abin da ka maimaita, shi zai faɗaɗa. Saboda ƙarfin wannan dabara ne ya kamata ka riƙa tambayar kanka ko inda kake kai shi inda ya ce yana son zuwa ne.

Ka rage tambayoyi. Tambaya uku a jere ta mai da zama bincike, mutum ya koma jiran ta gaba. Masu koyar da salon Miller da Rollnick na son a samu mayar da magana sau biyu a kan kowace tambaya ɗaya. "Me ya sa ka yi haka?" kan zo wa mutum kamar tuhuma, "Me ke faruwa a ranka a lokacin?" ta fi samun amsa. Shiru ma kayan aiki ne: in idonsa na ƙasa yana tunani, ka bar shi. In ya zuba maka ido a takure, ka taimaka masa da kalma.

Saura minti goma ka sanar da shi, ku taƙaita, kuma gara shi ya faɗi abin da zai tafi da shi. Wasu sai sun kama hannun ƙofa suke sako babbar magana. In ba ta shafi haɗari ba, ka nuna ka ji nauyinta, ka rubuta ta a gabansa, ka ce da ita za a fara mako mai zuwa, kuma ka cika alkawarin.

Inda ba a sassautawa

In akwai alamar mutum na tunanin kashe kansa, ko cutar da wani, ko ana cutar da yaro, jerin abin da aka tsara ya rushe. A tsarin Linehan abin da ke barazana ga rai shi ke gaba, sai abin da ke kawo cikas ga jinyar kanta, sannan sauran matsalolin rayuwa. Ka yi tambayar kai tsaye, da kalmominta: ko yana tunanin kashe kansa, ko ya tsara yadda zai yi, ko abin da zai yi amfani da shi na hannunsa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum. Iyakar sirri kuwa tun zaman farko ake bayyana ta, don kada ranar da ka buƙaci sanar da wani ya ga ka ci amanarsa. Hukuncin Kotun Ƙolin jihar Kaliforniya na 1976 a shari'ar Tarasoff shi ya shahara wajen ɗora wa mai ba da shawara nauyin kare wanda ake yi wa barazana, amma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka san ta inda kake aiki. Ko a nan, ka gaya masa abin da za ka yi da dalilinsa kafin ka yi, in hakan ba zai ƙara haɗari ba, ka bar masa zaɓin da ya rage, kamar wa za a fara kira.

Mai ruɗin tunani da ya gaskata ana bibiyarsa, kada ka yi musu da shi, kada kuma ka ce ka yarda. Ka tsaya a kan tsoron da rashin barcin, waɗanda gaskiya ne, ka faɗa masa kai ba haka kake ganin lamarin ba in ya tambaye ka, ka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Wanda ya ce zai daina shan maganinsa, ka saurari dalilinsa, galibi illar maganin ce ke damunsa, ka taimaka masa ya kai ƙorafin ga wanda ya rubuta maganin, don yanke wasu magungunan farat ɗaya na da haɗari. Bambancin aƙida ko siyasa tsakaninka da shi kuwa ba aikin ɗakin ba ne, sai in ya shafi abin da ya kawo shi.

Wata ɓarakar ba ta ɗinkuwa. In zama uku ko huɗu sun wuce kuna dawowa wuri ɗaya, ko ka lura kana jin nauyi duk ranar da sunansa ke jerin masu zuwa, ka kai lamarin gaban mai duba aikinka, da naɗin zaman in ya ba da izinin naɗa. In ta tabbata wani zai fi dacewa da shi, ka faɗa masa a fili cewa dacewa ce ba a samu ba, ka ba shi sunan mutum biyu ko uku da zai iya gani, ka nemi izininsa a rubuce kafin ka miƙa bayanansa, ku kuma sa ranar zama na ƙarshe yadda ba zai zauna babu mai duba shi a tsakani ba.